Ɗan Zabura: Malamin da Ba Ya Gama Buɗe Littafinsa

Wata ranar Talata cikin watan Satumba muna tsakiyar darasin noma da 'yan aji biyu, sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, na zo da wani abu." Ya ciro kwalin ashana daga aljihu. A kan furen kabewa ya kama shi, in ji shi, can bayan ɗakin kwanansu. Muka tura kwalin a hankali, sai ga wani ɗan ƙwaro mai launin ƙasa, mai ƙaton kai da manyan idanu, jikinsa kakkaura, fikafikansa gajeru. Nan take aji ya rabu. Wasu suka ce faɗa-wuta ne, irin wanda ke damunmu a bakin fitila da dare. Wasu suka ce a'a, malam-buɗe-littafi ne bai gama girma ba. Wata yarinya a baya ta rantse wani irin ƙuda ne. Ana cikin gardama ƙwaron ya zabura, ya bi ta taga, ba wanda ya ga hanyar da ya bi. Tun daga ranar 'yan ajin suke ce masa ɗan zabura, mu ma da sunan za mu kira shi a wannan darasi. Turawa ma daga tsalle-tsallensa suka samo sunan da suka ba shi.

Waɗanda suka ce malam-buɗe-littafi ne su suka fi kusa da gaskiya, amma sun yi kuskure a wuri ɗaya. Malam-buɗe-littafi ba ya ƙara girma bayan ya fito da fikafikai. Duk girman da zai yi, yana tsutsa ya yi shi. Saboda haka ƙarami ba ɗan babba ba ne, irinsa ne haka. Ɗan zabura dangi ne guda a cikin malam-buɗe-littafi, masana suna kiran dangin Hesperiidae, sunan da wani masanin ƙwari Bafaranshe, Latreille, ya kafa a 1809. An san iri fiye da 3,500 a duniya, fiye da 500 daga ciki kuwa a Afirka kudu da Sahara suke. Yawancin na Afirka ta Yamma mazauna kurmi ne, can kudu. Namu na nan ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ba su da yawa, wannan kuwa sa'a ce ga mai koyo, gama wanda ya ba su damina ɗaya zai iya sanin manyan gidajensu.

Me ya sa za mu ɓata takarda a kan ɗan abin da ba shi da ado? Dalili biyu ne. Na ɗaya, ba abin da ke koya wa ido lura kamar abin da ba ya jan ido. Kowa yana ganin babban malam-buɗe-littafin nan mai baƙi da rawaya da ke zagaya itacen lemo, ba sai an nuna masa ba. Ɗan zabura kuwa sai wanda ya tsaya. Dalili na biyu ya shafi aljihun iyayenmu, domin tsutsar waɗansu daga cikinsu a ganyen shinkafa take zama, kuma ana sayen magani saboda ita ba tare da an san ko wace ce ba. Za mu zo ga wannan.

Alamu uku

Bari mu fara da yadda za a raba shi da faɗa-wuta, tun da nan gardamar ta taso.

Ku dubi 'yan ƙahonnin nan biyu da ke bisa kansa, waɗanda yake shanshana da su. Na sauran malam-buɗe-littafi sirara ne, da ɗan dunƙule a ƙarshe kamar kan ashana. Na faɗa-wuta ba su da dunƙule, ko dai su zama kamar zare, ko kuwa kamar gashin tsuntsu. Na ɗan zabura suna da dunƙulen, amma bakinsa ya lanƙwashe baya kamar ƙugiyar kamun kifi. Ban da haka, gindin ƙahonnin nesa da juna suke, domin kansa mai faɗi ne. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace tabbaci. A wurin waɗansu ƙanana ƙugiyar gajera ce ƙwarai, sai an matsa kusa.

Ta biyu ita ce zama. Hausawa sun raɗa wa malam-buɗe-littafi suna ne saboda yadda yake buɗe fikafikai ya rufe, kamar almajiri da littafi. To, ɗan zabura irin na ciyawa malami ne da ba ya gama buɗe littafinsa. In ya sauka shan hantsi, sai ya shimfiɗa fikafikan baya, ya ɗaga na gaba rabi, su tsaya a karkace. In kuka ga wannan zama, kada ku ƙara tambaya, ba wani dangin da ke yinsa. In rana ta yi zafi ko ya tsorata, sai ya haɗe duka huɗun a bisa bayansa, ya zama kamar busasshen ganye mai kusurwa uku. Akwai kuma waɗansu gidaje da ke shimfiɗa fikafikan duka, su ne aka fi ɗauka faɗa-wuta.

Ta uku ita ce tashi. Sauran malam-buɗe-littafi lilo suke yi a iska, ana iya binsu da ido har su ɓace. Wannan kuwa ƙirjinsa cike yake da tsoka, fikafikansa gajeru, yana kaɗa su da sauri har ido ba ya rabewa. Yanzu yana nan, yanzu ba ya nan. Amma ga asirin da yaron nan mai kwalin ashana ya gano da kansa daga baya: namiji yakan zaɓi ganye ɗaya ko dutse ɗaya ya mai da shi wurin gadi. Duk ƙwaron da ya gitta, sai ya bi shi da gudu, sa'an nan ya komo daidai inda ya tashi. Mata yake jira, maza yake kora. Saboda haka in ya zabura kada ku bi shi. Ku tsaya cik, ku zuba wa ganyen ido, ku ƙirga zuwa 20. Sau da yawa kafin ku gama ya dawo.

Waɗanda za ku tarar

Sunayen da za mu ambata na Latin ne, kowane da kashi biyu: na farko sunan gida, na biyu sunan iri. Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya daidaita wannan tsari ga dabbobi a 1758. Kada sunayen su ba ku tsoro. Wanda ya iya riƙe sunayen 'yan ƙwallon Turai goma sha ɗaya ba zai kasa riƙe shida ba.

Wanda za ku fi gani a bakin gonar shinkafa da gero da rake shi ne Pelopidas. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, faɗinsa in ya buɗe kamar santimita 4 ne. A fiffiken gaba akwai 'yan ɗige-ɗige farare da haske ke ratsawa, kamar an huda takarda da allura an shafa mai. Iri biyu ne aka fi sani, Pelopidas mathias da Pelopidas thrax, kuma dukansu ba namu ne mu kaɗai ba. Na farkon yana nan tun daga Afirka har Indiya da Japan, inda manoman shinkafa suka san tsutsarsa sarai. Na biyun ya kai har Misira da ƙasashen Larabawa da Turkiyya. Namijin kowannensu yana da bille, wato ɗan layi a karkace a tsakiyar fiffiken gaba. Ba ado ba ne, wurin da ƙanshin jan hankalin mace ke fitowa ne. Billen thrax fari ne, ana ganinsa da sauƙi. Na mathias siriri ne mai duhu, sai haske ya faɗa masa daidai.

Maƙwabcinsa Borbo ya yi kama da shi har ya ɓaci, amma kama da wane ba ta wane. Namijin Borbo ba shi da bille. In kuka samu ya rufe fikafikai, ku dubi ƙarƙashin fiffiken baya. Na Borbo borbonica yana da ɗan rawaya-rawaya mai ratsin kore, da 'yan ɗigo kamar uku. Na Pelopidas ya fi toka-toka, ɗige-ɗigensa sun yi baka, da wani guda shi kaɗai kusa da gindin fiffike. Sunan borbonica daga tsibirin Bourbon ya fito, wanda yanzu ake kira Reunion, can cikin Tekun Indiya, gama daga can aka fara bayyana shi a 1833. Ku duba fa, ƙwaron da ke kan ciyawar bakin kwatarmu sunan wani tsibiri yake ɗauke da shi wanda ba ɗayanmu da ya taɓa takawa.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya. Matan waɗannan gidaje biyu, da kuma tsofaffin da fikafikansu suka goge, suna ba masana kansu wuya, har sai sun sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma sun duba gaɓoɓin haihuwa kafin su yanke hukunci. Ɗalibin da ya rubuta "Pelopidas ko Borbo, mace" a littafinsa ya fi mana wanda ya rubuta cikakken suna da ka. Na farko za mu ba shi maki, na biyu za mu tambaye shi shaida.

Gegenes ya fi su ƙanƙanta. Namijinsa kusan ba shi da ɗigo ko ɗaya, ƙahonninsa gajeru. Yana son fili mai zafi, busasshiyar ƙorama, ko hanyar shanu, inda zai zauna a kan tsakuwa yana gadi. Ba mu da abin faɗi da yawa a kansa sai dai cewa ya fi kowa saurin ɓacewa.

Wanda 'yan mata suka fi so shi ne Spialia, kuma ba mu ga laifinsu ba. Ɗan mitsitsi ne, faɗinsa bai kai santimita 3 ba, baƙi da fararen ɗige-ɗige kamar zabuwa, gefen fikafikansa kuma da ratsin baƙi da fari kamar an yi masa ɗinkin hannu. Shi yana buɗe littafinsa sosai in yana shan rana. Ƙasa-ƙasa yake tashi, bai cika wuce gwiwa ba, har a ɗauka ƙuda ne. Wataƙila shi yarinyar nan ta tuna da ta yi rantsuwa. Za ku same shi a gefen filin ƙwallo da kan hanyar rijiya, inda ƙasa ta yi fili. Tsutsarsa ba ta cin ciyawa irin ta hatsi, ganyen dangin rama take ci, irin su hankufa da miyar tsanya. Iri biyu ne suka fi yawa a ƙasashen da ba kurmi, Spialia spio da Spialia diomus, ana raba su da farin ratsin da ke ƙarƙashin fiffiken baya, amma wannan aikin 'yan aji shida ne.

Akwai Sarangesa, mai shimfiɗa fikafikai kamar faɗa-wuta, launin ƙasa da dabbare-dabbare. Halinsa ne abin mamaki. In rana ta take, inuwa mai duhu yake nema, ƙarƙashin gaɓar ƙorama, ko kogon itace, ko bakin ramin dabba, wani lokaci su taru da yawa a wuri guda. In an taɓa wurin sai su watse, jim kaɗan su koma. Mun faɗi wannan don ku sani, ba don ku zura hannu a rami ba. Ba ɗan zabura kaɗai ke son inuwar rami ba, maciji ma yana so.

Sai babban yayansu, Coeliades forestan, wanda ya karya dokar ƙanƙanta, gama faɗinsa yakan kai santimita 5 ko fiye. In ya rufe fikafikai za ku ga farin ratsi mai faɗi ya ratsa fiffiken baya kamar ɗamara, da ɗan ruwan lemo a kusurwar ƙasa. Saboda ɗamarar nan Turawa suke ce masa ɗan sanda. Da sassafe da kuma yamma liƙis ya fi fitowa, har ana jin ƙarar fikafikansa in ya wuce kusa da kunne. Tsutsarsa kyakkyawa ce, mai zobba-zobba na fari da duhu, kanta kuma ja-ja da baƙaƙen ɗigo. Tana cin ganyen itatuwa dangin geza da taramniya da baushe.

Wanda yake so ya zurfafa, babban littafin da ake komawa gare shi a kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma shi ne na Torben Larsen, mutumin Denmak, wanda ya fito a 2005 cikin juzu'i biyu, da iri kusan 1,500. Fiye da 1,000 daga cikinsu ana samunsu a Nijeriya. Larsen ya rasu a 2015. Kafin shi, wani hafsan sojan Ingila mai ritaya, W. H. Evans, ya jera dukan 'yan zaburan Afirka da ke ajiye a gidan tarihi na Landan, ya buga a 1937. Abin lura shi ne, masu tattara ƙwari sun fi zuwa kurmin kudu da tsaunukan Jos da Mambila, inda iri ya fi yawa. Saboda haka ɗalibin da ya riƙe littafi na gaskiya a Bakura ko Maradun, da kwanan wata da wuri, ba wasa yake yi ba.

Ɗakin tsutsa

Yanzu mu koma gona. An gama madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, cikin ƙasar Maradun, a 1978, ruwanta kuma yana bin kwatoci zuwa gonakin wajen Talata Mafara da Bakura. Kafin madatsar, in kaka ta wuce ciyawa ta bushe, sai fadama kaɗai ke da kore. Yanzu akwai shinkafa da masara da rake a tsakiyar rani, ga tofa da sauran ciyayi a bakin kwata. Ga ɗan zabura irin na ciyawa wannan babbar gara ce. Shi ya sa muke ganin Pelopidas a gonakin ban-ruwa cikin Maris, lokacin da farfajiyar makaranta ba kowa sai ƙura. A kan tudu kuwa lokacinsu daga tsakiyar damina ne zuwa farkon kaka, Agusta zuwa Oktoba.

Macen takan sa ƙwai ɗaya-ɗaya a kan ganye, fari, mai siffar ƙwarya a kife, bai fi kan allura girma ba sosai. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta fito. Abin da take fara yi shi ne gini. Tana fitar da zare daga bakinta, irin dai wanda tsutsar tsamiya ke yi, wadda ake saƙa rigar tsamiya da zarenta. Sai ta liƙa zaren a wannan gefen ganye, ta kai wancan gefen, ta yi ta kai da kawowa. Zaren yana bushewa yana tsukewa, ganyen yana naɗewa, har ya zama kamar bututu. A ciki take wuni. Da dare ta fito ta ci gefen ganyen, ta koma. In ta yi girma ɗakin ya yi mata kaɗan, sai ta sāke wani. In kuka buɗe irin wannan ganye za ku ga koriyar tsutsa mai santsi, ba gashi kamar na gizaka, da ƙaton kai da siririn wuya, kamar an ɗaura mata zare a maƙogwaro. Wannan wuyan shi ne shaidar dangin duka. A cikin ɗakin ko kusa da shi take kwanciyar rikiɗa, ta ɗaure kanta da ɗamarar zare, kanta ya yi tsini. Daga ƙwai zuwa mai fiffike wata ɗaya ne da 'yan kwanaki in akwai zafi.

Ga wani abin da kullum ke ba aji dariya. Ɗakin tsutsar nan tsaf yake, ba kashi a ciki. Tana da wani ɗan abu kamar mataji a ƙarshen jikinta, da shi take harba kashinta nesa. Wata masaniya a Amurka, Martha Weiss, ta auna wannan a kan wani ɗan zabura na ƙasarsu, ta buga sakamakon a 2003. Ta tarar tsutsa na iya harba kashi nisan da ya kusa ninka tsawon jikinta sau 40. Ta kuma nuna dalili: rina tana bin warin kashin ne ta gano inda tsutsa take. Wadda ta bar kashi a ƙofar ɗaki ta kira wa kanta ajali. Shugabannin ɗakunan kwana suna iya amfani da wannan misali ranar duba tsabta, mun ba su kyauta.

Wata Asabar da sassafe mun fita da ɗalibai huɗu zuwa wata gonar shinkafa da ke kusa da gari, muna buɗe naɗaɗɗun ganyaye. Sai ga mai gonar, dattijo, da famfon feshi a baya.

Ya ce, "Malam, lahiya? Mi kuka biɗa cikin shinkahwa da sassahe haka?"

Muka gaishe shi, muka ce, "Baba, tsutsa muke dubawa."

Ya ce ai ita ta fito da shi. Ya ga ganye a naɗe, an cinye gefensa, ya sayar da kaji biyu ya sayo magani. Shinkafar ba ta fi kwana 25 da dasawa ba. Muka roƙe shi ya bari mu ƙirga tukuna. Yaran suka bi layi, suka duba gindi 100, suka sami tsutsa 7. A cikin ganyen da suka buɗe, da dama ba kowa a ciki, ko dai mai ɗakin ta tashi, ko wani ya riga ya cinye ta. Gizo-gizo kuwa ba su ƙirgu ba.

Ba mu ce masa kada ya taɓa yin feshi ba, mu ba malaman gona ba ne, gonar kuma tasa ce. Abin da muka gaya masa shi ne abin da aka gwada a wani wuri. Masana a Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke ƙasar Filifin sun nuna cewa shinkafa tana ƙarama tana mayar da ganyen da aka ci, ta yi sabbin 'ya'ya, amfanin bai ragu ba. Feshin farkon shuka kuwa yakan kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwari, sa'an nan mugayen ƙwarin su sami fili. A 1994 aka yi shela a lardin Long An na ƙasar Biyetnam, ta rediyo da takardu, cewa ba a bukatar feshi saboda tsutsar ganye a kwana 40 na farko, aka ce kowane manomi ya gwada a wani yanki na gonarsa ya gani da idonsa. Yawan feshi a lardin ya ragu da kusan rabi, shinkafa kuma ba ta ragu ba. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai bar fangali biyu ba feshi, ya ga yadda za su yi. Gani ya kori ji. Tsutsotsin bakwai kuwa ya ce a zuba wa sauran kajinsa.

Amma a kula, ba kowace tsutsa ce ɗan zabura ba, kuma nan ne sanin ya zama da amfani. Akwai wata ƙaramar tsutsar faɗa-wuta da ita ma take naɗe ganyen shinkafa. Ita ba ta cin gefe, kankare koren take yi daga ciki ta bar farin zane, in an taɓa ta kuma sai ta yi ta mutsu-mutsu da baya. Ta ɗan zabura yanka take yi daga gefe zuwa jijiyar tsakiya, kamar da almakashi, in an taɓa ta ba ta da garaje. Akwai mai huda kara, wadda ke sa zuciyar shuka ta bushe, ko zangarniya ta fito fara ba ƙwaya. Wannan ba a ganinta a ganye sam, ɓarnarta kuma ta fi. A masara kuwa akwai baƙuwar tsutsar nan da ta zo daga nahiyar Amurka, wadda aka fara gani a Afirka a 2016, a Nijeriya. Ita a cikin kunnen masara take zama, ta cika shi da kashi kamar garin katako, tana da ɗigo huɗu a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya. In kuka ga wannan, a gaya wa malamin gona da wuri. Haka kuma in shinkafa ta kusa fitar da kai aka ga ana cinye ganyen ƙarshe da yawa, wannan ganyen shi ke ciyar da ƙwaya, ba a yi masa sakaci. Yaron da zai iya buɗe ganye ya ce wa mahaifinsa, "Baba, wannan ba ita ba ce," ko kuwa "Baba, wannan ita ce," ya biya wani abu daga kuɗin makarantarsa.

Kada kuma a manta da babban. Bakinsa dogon bututu ne da yake naɗewa kamar tabarma, a jikinsa ya fi na yawancin 'yan'uwansa tsawo, yana kaiwa cikin fure mai zurfi irin na duman rafi da dankali. Yana yawo daga fure zuwa fure da garin fure a jikinsa, ko da yake a wannan aiki bai kai ƙudan zuma ba, kada mu yi masa yabon da bai ci ba. Yana kuma da wata ɗabi'a da ba za mu yaba ba: yana son kashin tsuntsu. In ya tarar ya bushe, sai ya ɗiga masa ruwa daga jikinsa, ya jiƙa, ya tsotse. Gishiri da sauran abin gina jiki yake nema, waɗanda ruwan fure ba shi da su.

Aikin hutu

Dā mukan kai 'yan aji har bakin tafkin Bakalori. Tun da sha'anin tsaro ya lalace, musamman bayan abin da ya faru a Jangebe a 2021, mun daina, kuma ba mu yarda wani ɗalibi ya shiga daji ko ya yi nisa da gari saboda wannan aiki ba. Ba a ma bukata. Duk waɗanda muka ambata, in ban da mai son ramuka, mun gan su tsakanin ƙofar makaranta da bayan coci. Furen zogale, da na wake, da na kabewa, da ciyawar bakin rijiya sun isa.

Ku fita tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe, lokacin da suke shan hantsi, jikinsu bai gama ɗumi ba. Kada ku sa farar riga, kada kuma inuwarku ta faɗa kansa, gama inuwa ce ke tashinsa tun kafin motsi. Ku matsa a hankali, ku durƙusa, ku zo daidai da shi. Ba a kama shi da hannu. Garin da ke fikafikansa shi ne launinsa, in ya goge a yatsa alamun da kuke nema sun tafi, shi kuma kun cuce shi. Wanda gidansu akwai waya mai hoto, ya roƙi aro ya ɗauki hoto biyu, ɗaya ta sama, ɗaya ta gefe in ya rufe. Wanda ba shi da ita ya zana da fensir, zane ma ya fi sa mutum lura.

Kowa ya ware shafi huɗu a bayan littafin noma. A rubuta rana, da lokaci, da wuri, da abin da ya sauka a kai, da irin zaman da ya yi, da ko akwai bille. Wanda ya sami naɗaɗɗen ganye da tsutsa mai siririn wuya a ciki, ya sa ta a kwalba mai faɗin baki, ya rufe da tsumma, ba da murfi ba, ya ajiye a inuwa inda tururuwa ba za ta kai ba. A sāke mata ɗanyen ganye kowace yamma, irin wanda aka same ta a kai, gama ba za ta ci wani ba. In ta daina ci ta kwanta, kada a girgiza kwalbar, a jira kamar kwana 10. Wani lokaci maimakon ɗan zabura sai ku ga 'yan ƙananan ƙwari kamar zanzaro sun fito daga jikinta. Kada ku zubar, kada ku ce aikin ya ɓaci. Uwarsu ce ta sa ƙwai a jikin tsutsar tun tana gona, kuma su ne ma'aikatan da dattijon nan ya kusa fesawa. A rubuta adadinsu, a kawo mana kwalbar makon farko na komawa makaranta. In kuwa ɗan zabura ne ya fito, a ba shi awa biyu fikafikansa su bushe, a zana shi, sa'an nan a kai kwalbar inda aka samo ganyen a cire tsumman.